Hamada a Idon Mai Ziyara: Tarken Littafin Tafiyar Egeriya

1.0 Gabatarwa

A cikin rassan rubutun zube, labarin tafiya shi ne reshen da manazartanmu suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. In aka zo kansa a aji, akan ambaci Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam da Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano, sa'an nan a yi gaba zuwa ƙagaggun labarai. Dalili kuwa a fili yake. Mun saba auna kowane zube da ma'aunin ƙagaggen labari, watau mu nemi tauraro da ƙullin zaren labari da warwararsa. Da zarar ba mu same su ba sai mu yanke hukunci cewa abin da ke gabanmu rahoto ne kawai, bai kai matsayin adabi ba.

Wannan maƙala ta ɗauko littafi daga nesa, nesan zamani da nesan ƙasa, domin a gwada wannan ma'auni a kansa a ga ko zai tsaya. Littafin shi ne labarin da wata mace Kirista mai suna Egeriya ta rubuta da Latinanci game da ziyarar ibada da ta yi zuwa Urushalima da hamadar Sina'i da sauran ƙasashen Gabas tsakanin 381 da 384 Miladiyya. An daɗe ana yi masa suka iri biyu: cewa harshensa rarrauna ne mai yawan maimaici, da cewa marubuciyar ta ratsa hamada ba ta ga hamada ba. Za mu duba zubinsa da jigonsa da salonsa, mu ga inda sukan ta faɗa daidai da inda ta kauce.

2.0 Asalin Littafin

Littafin ya yi ɗaruruwan shekaru a ɓace. A cikin 1884 ne wani masani ɗan Italiya, Gian Francesco Gamurrini, ya tsince shi a wani ɗakin karatu a birnin Arezzo, cikin wani kundi da aka kwafa da hannu a ƙarni na 11 a gidan ruhubanawa na Monte Cassino. Ya buga shi a 1887. Kundin ba shi da kai ba shi da wutsiya, domin farkonsa da ƙarshensa sun salwanta, kuma akwai giɓi a tsakiya. Saboda haka babu sunan marubuci a jikinsa. Gamurrini ya jingina shi ga wata Silbiya ta ƙasar Akitaniya, aka kuwa zauna a kan haka har 1903, lokacin da Marius Férotin ya nuna cewa labarin ya dace da wata wasiƙa da Baleriyus, wani baruhubane na yankin Bierzo a arewa maso yammacin Sifen, ya rubuta a ƙarni na 7 yana yabon wata mata da ta yi irin wannan tafiya. A kofe-kofen wasiƙar sunan matar ya zo da siffofi dabam-dabam, amma Egeriya ne ya rinjaya a wurin masana. Shekarun tafiyar kuwa Paul Devos ne ya tsayar da su a 1967, ta hanyar daidaita ranakun bukukuwan da ta ambata da kalandar wancan zamani.

Abin da ya kamata mai nazari ya riƙe shi ne, littafin wasiƙa ce. Egeriya tana rubuta wa wasu mata ne da ta bari a gida, tana kiransu 'yan'uwa da iyayengiji, kuma tana rubutun ne daga Kustantiniya, watau Santambul ta yau, bayan ta yi shekara uku cur a Urushalima. Ta san waɗanda za su karanta, ta san abin da suka sani, ta san abin da suke ƙishirwar ji. Duk hukuncin da za a yi wa littafin ba tare da la'akari da wannan ba, hukunci ne na wanda ya tsinci wasiƙar wani a hanya yana ƙorafin ba a gaishe shi a ciki ba.

3.0 Zubi da Tsari

Masu buga littafin sun raba abin da ya saura zuwa babi 49. Babi na 1 zuwa na 23 labarin tafiye-tafiye ne guda huɗu: zuwa Dutsen Sina'i da komowa ta ƙasar Goshen a Masar, zuwa Dutsen Nebo inda Annabi Musa ya hango ƙasar alkawari, zuwa Karneyas inda ake cewa kabarin Annabi Ayuba yake, da zuwa Edesa da Haran a ƙetaren Kogin Furat, daga nan ta bi ta Antakiya da Tarsus har Kustantiniya. Babi na 24 zuwa na 49 bayani ne na yadda ake gudanar da ibada a Urushalima, daga ta kullum zuwa ta azumin mako takwas da ta makon Ista.

A kallon farko sai a ce littattafai biyu ne aka ɗinke. To amma in aka lura, zare ɗaya ne ya ratsa su. A kashi na farko, duk inda aka isa akwai tsari guda da ba ya sakewa: a yi addu'a, a karanta wurin da ya ambaci wannan bigire a cikin Littafi Mai Tsarki, a rera zabura da ta dace, a sake yin addu'a, a tashi. A kashi na biyu, abin da ya fi burge ta a Urushalima shi ne kowane karatu da kowace waƙa sun dace da ranar da kuma wurin, har ta yi ta nanata wannan magana. Ke nan a kashi na farko nassi yana haɗuwa da wuri, a kashi na biyu yana haɗuwa da wuri da lokaci gaba ɗaya. Ginshiƙin zubin littafin shi ne zango, da abin da ake yi a zango. Wanda ya zo neman ƙullin labari ba zai same shi ba, kamar yadda ba a neman ƙulli a carbi sai a ƙarshensa.

4.0 Jigo: Hamada a Matsayin Shafi

Kundin da ya iso mana ya buɗe ne a tsakiyar jimla, ayari yana fitowa daga tsakanin duwatsu, ga wani makeken kwari a gabansu, ga Dutsen Sina'i can a ƙarshensa. Sa'a ce ta adabi wadda marubuciyar ba ta shirya ba, domin mai karatu yakan faɗo cikin tafiyar ba sallama. Daga nan ta ba da labarin hawan dutsen da safiyar Lahadi, a ƙasa, don ba dama a hau bisa dabba. Ta ce hanyar ba ta kewaya dutsen kamar bayan dodon koɗi, miƙewa take yi sama sak kamar katanga. Suka kai ƙololuwa da sa'a ta huɗu, watau wajen hantsi, suka tarar da 'yar ƙaramar majami'a da kogon Annabi Musa, babu mai kwana a wurin. Aka yi karatu, aka yi ibada, ruhubanawa suka ba su tsarabar 'ya'yan itatuwa daga 'yan lambunan da suke nomawa a gindin duwatsu.

Wannan shi ne iyakar abin da za a samu na wahalar jiki. Babu zancen ƙishirwa, babu zancen sanyin daren hunturu a kan tudu, ga shi kuwa a watan Disamba aka yi hawan. Babu launin dutse, babu iska, babu tsoro. Kalmomin siffantawa da take da su ba su da yawa: abu ko dai makeke ne ko kuwa kyakkyawa ne ƙwarai, shi ke nan. Da aka sauko kwarin, sai jerin bigirai ya biyo: ga inda aka ƙera ɗan maraƙin zinariya, ga inda aka saukar da manna da makware, ga tushen gidajen da Bani Isra'ila suka zauna, ga kurmin da ya ci wuta bai ƙone ba yana nan da ransa yana toho. Kalmar aikin da ta mamaye waɗannan babobi ita ce nunawa: ruhubanawa suka nuna mana, aka nuna mana. Daga ƙarshe ma ta ce wa 'yan'uwanta ba za ta iya rubuta kome da kome ba, amma in suka karanta littattafan Musa za su ga abin da ya faru a wurin filla-filla.

A nan jigon ya fito. Hamadar Egeriya shafi ce da aka riga aka rubuta, ita kuwa ta zo ne ta bi layukan da yatsa. Ba ta zo gano sabon abu ba, ta zo tabbatar da abin da ta sani tun tana gida. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A wurin Egeriya gani ya zo ne ya yi wa ji shaida. Misali mafi kyau shi ne inda ta baro gaɓar Bahar Maliya ta ga yadda bigiran da ake nuna mata suke warwatse dama da hagun hanya, nan take ta mayar da abin hujja cewa haka Bani Isra'ila suka yi ta kai da komo kamar yadda aka rubuta.

In muka ajiye wannan kusa da rihlar Ibn Jubair, wanda daga tsibirin Andalus ya taso, daga Garnaɗa a 1183, bambancin zai ƙara fitowa. Da ya ratsa hamadar da ke tsakanin Ƙus da Aizab a Masar, ya ba da labarin rijiyoyi da ɗanɗanon ruwansu, da irin darbukan da ake ɗaura wa raƙuma, da kayan barkono da kirfa da aka yasar a bakin hanya babu mai taɓawa. Shi ma mai ibada ne, amma idonsa na magatakarda ne mai lissafin duniya. A namu adabin kuma, hamadar Shaihu Umar ta Abubakar Tafawa Ɓalewa maƙiyiya ce mai raba ɗa da uwa, mai binne ayari da guguwa. Hamada uku ke nan: ta shaida, ta fatauci, da ta ƙaddara. Kuskure ne a ɗauki ma'aunin ɗaya a auna ɗaya.

5.0 Gaskiyar Mai Ba da Labari

Tambayar da ke biye ita ce: wanda ya zo da abin da yake so ya gani, ana iya yarda da shaidarsa? Akwai wurare biyu da Egeriya ta faɗi abin da ba haka yake ba. Na farko, ta ce dutsen da ta hau ya ɗara dukan na kewaye da shi tsawo, har sauran suka zama kamar 'yan tuddai a ƙarƙashinsa. Alhali Jabal Musa tsawonsa mita 2,285 ne, maƙwabcinsa Jabal Katarina kuwa ya haura mita 2,600. Na biyu, ta ce daga ƙololuwa sun hango Masar da Falasɗinu da Bahar Maliya har da tekun da ke kaiwa Iskandariya, watau Bahar Rum. Daga irin wannan tsawo ido ba ya wuce kimanin kilomita 170 kafin doron ƙasa ya tare shi, gaɓar Bahar Rum kuwa ta fi kilomita 250 daga wurin. Amma a lura, ita da kanta ta ce ruhubanawa ne suka nuna musu waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Baƙo ko da ido makaho ne. An miƙa hannu an ce mata ga teku can, ta kuwa gani.

Sai dai akwai wuri guda da ya fanshi littafin. A kan Dutsen Nebo, da aka nuna musu wajen da matar Lutu ta zama ginshiƙin gishiri, Egeriya ta gaya wa 'yan'uwanta a fili cewa wurin kawai suka gani, ginshiƙin kam ba su gan shi ba, kuma ba za ta yaudare su a kan wannan ba. Ta ƙara da cewa bishof na Zowar ya shaida musu Tekun Gishiri ya rufe shi shekaru kaɗan da suka wuce. Ba abin da zai hana ta cewa ta gani, ba kuwa mai ƙaryata ta a can gida. Wannan jimla guda ita ce ta ba sauran littafin daraja, domin ta nuna marubuciyar tana rarrabe abin da idonta ya gani da abin da aka gaya mata, ko da ba kullum take cin nasarar rarrabewar ba. Ta kuma bayyana kanta da cewa ita mai yawan bin diddigi ce, ana kuwa ganin haka a Haran inda ta tsare bishof da tambayoyi, har ta ce ta san wani abu daga nassi amma wani abin ba ta karanta shi ba, a ina ya samo? Tone-tonen da 'yan ɗariƙar Faransiskan suka fara a Nebo a 1933 ya fito da tsohuwar majami'a a kan dutsen, abin da ya ƙarfafa gwiwar masu ɗaukar bayaninta da muhimmanci.

6.0 Salo da Sarrafa Harshe

A nan ne aka fi yi wa Egeriya dariya, a nan ne kuma masana harshe suka fi cin moriyarta. Tun sharhin da Einar Löfstedt ya buga a 1911, littafin ya zama babbar taska ga masu binciken yadda Latinanci ya rikiɗe ya haifi Faransanci da Sifananci da Italiyanci. Tana yawan liƙa kalmomin nuni, ille da ipse, a jikin suna inda marubutan da suka gabace ta ba za su sa kome ba. Daga ille ne le da la na Faransanci da el na Sifananci suka fito, daga ipse kuma su da sa na harshen Sardiniya. Tana amfani da subire da ma'anar hawa, kamar subir na Sifananci a yau, da septimana da ma'anar mako. Jimlolinta a jere suke, an ɗaure su da 'yan kalmomi masu ma'anar sa'an nan, saboda haka, domin kuwa, watau. Takan faɗi suna, ta sake faɗinsa a cikin jimla guda, kamar mai tsoron kada mai sauraro ya ɓace mata.

Masu suka sun kira wannan ƙarancin ilmi. Leo Spitzer, a wata maƙala da ya buga a 1949, ya ƙi yarda, ya ce maimaicin da yawan nunin suna da aikin da suke yi, watau kafa idon mai karatu a kan bigiren. Muna ganin Bahaushe ya fi Bature saurin fahimtar wannan hujja, saboda harshensa yana yin irin wannan aiki kullum. Akwai bambanci tsakanin a ce dutse, da dutsen, da dutsen nan, da shi dutsen nan ɗin. Kowane ƙari yana matso da abin kusa da hancin mai sauraro. Wanda ya yi tafiyar watanni don ya tsaya a inda aka yi wani abu, ba zai ce wuri kawai ba. Zai ce wurin nan ɗin, shi kansa. Abin da ipse ke yi a bakin Egeriya ke nan. Haka nan jerin jimlolin nata ya yi kama da salon Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya ratsa Sahara tare da Barth a 1855, wanda J. F. Schön ya buga labarinsa a Magana Hausa a 1885. Shi ma aiki ne ke bin aiki, tashi da tafiya da sauka, ba ado. Salon baka ne, na mai ba da labari ga mutanen da ya sani, kuma yana tafiya da takun raƙumi.

Duk da haka kada a wuce gona da iri. Cewa salo ya dace da manufa ba ya nufin kowace jimla ta yi kyau. A kashi na biyu akwai babobin da maimaicin ya zama nauyi, mai karatu yana jan ƙafa. Spitzer ya so ya mayar da kowane rauni gwaninta, wannan kuwa son kai ne na mai sharhi. Abin da za a iya tsayawa a kansa shi ne, salon ya fi ƙarfi inda akwai motsi, ya fi rauni inda aka tsaya cik. Darasin da ke nan ga malamanmu shi ne su yi hattara da jan alƙalami a kan kowane sai da ɗalibi ya maimaita. Wani maimaicin lalaci ne, wani kuwa numfashin labarin ne.

Akwai kuma wani babi, na 47, da ya kamata duk mai nazarin harshe ya sani. Egeriya ta ce a Urushalima bishof da Girkanci yake wa'azi ko da ya iya Suryananci, wani limami yana tsaye yana fassarawa zuwa Suryananci, waɗanda kuma Latinanci kaɗai suke ji sai 'yan'uwa masu harshe biyu su yi musu bayani don kada su koma da ɓacin rai. Duk wanda ya zauna a majalisin tafsiri, ko a majami'ar da mai wa'azi ke magana tafinta yana biye da shi da Hausa, ya san wannan tsari.

7.0 Abin da Idon Bai Gani Ba

Babban aibin littafin a ganinmu ba na harshe ba ne. Aibin shi ne mutanen hamada ba su da fuska a cikinsa. A duk abin da ya saura, mutum ɗaya tak daga cikin waɗanda ta sadu da su ta ambata da suna, watau ƙawarta Martana, mai hidimar majami'a a hubbaren Tekla kusa da Salukiya. Bishof-bishof da ruhubanawa duk tsarkaka ne marasa suna. Larabawan daji kuwa, waɗanda ta kira Sarakinawa, ƙasarsu kawai ta ambata. Sojojin Rum da suka yi musu rakiya daga sansani zuwa sansani, zango huɗu daga Kilisma, wajen Suwes ta yau, an ambace su ne a taƙaice, aka kuwa sallame su da aka hau babbar hanya. Me ake tsoro har aka nemi rakiya? Ta ce dai wuraren abin zargi ne, ba ta ƙara ba.

Wuri guda ne labulen ya ɗaga. Ta ce mutanen Faran, masu tafiya da raƙuma, sukan kafa alamu nan da can a cikin rairayi su bi su da rana, da dare kuwa raƙuman ne ke lura da alamun, kuma sun fi wanda ke kan shimfiɗaɗɗiyar hanya sanin inda suka dosa. Wanda ya san labarin madugan azalai masu zuwa Bilma zai gane wannan ilmi nan take. 'Yan layukan nan sun nuna tana da idon da za ta ga hamadar masu rai in ta so. Ba ta so ba, domin ba shi aka aike ta ba. Muna iya fahimtar dalilin, amma fahimta ba ta share hasarar.

Wannan makanta ba ta mutu da ƙarni na 4 ba. Mai ziyara na zamaninmu yakan iso gindin dutsen cikin mota mai sanyi, ya ga gidan ruhubanawa na Katarina wanda Sarki Justiniyan ya gina tsakanin 548 da 565, watau bayan Egeriya da fiye da shekara 160, ya hau da dare don ya riski fitowar rana a ƙololuwa. Badawin da ya ja masa raƙumi, ɗan ƙabilar Jabaliya, sau da yawa ba ya shiga labarin da za a bayar a gida. Jagora ya nuna, an karanta nassi, an yi addu'a, an koma mota. Tsarin Egeriya ne, sai dai an rage wahalar.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa ƙarfin littafin da rauninsa tushensu ɗaya: marubuciyar ta kalli hamada ta cikin nassi. Wannan ne ya ba shi tsari mai ɗorewa da salo mai nuni, shi ne kuma ya rufe mata ido ga barin mutanen da suka kai ta suka komo da ita. Sukan da aka yi wa harshenta yawancinsa bai tsaya ba. Sukan da aka yi wa ganinta ya tsaya, amma da sharaɗin a tuna da ginshiƙin gishirin da ta ƙi cewa ta gani.

Saura aiki biyu a gabanmu. Na farko fassara. Mai son mayar da littafin Hausa zai fara cin karo da sunan tafiyar kanta. Hajji kalma ce mai rukunai da lokaci ƙayyadadde, abin da tafiyar Egeriya ba ta da shi, don ba wanda ya wajabta mata, ba kuma wanda ya tsara mata hanya. Ziyara ta fi kusa, ita ce kuwa ta zauna a bakin jama'a. Kalmar Latinanci da aka laƙaba wa littafin daga baya, peregrinatio, asalinta zaman baƙunci ne a ƙasar wasu. A wani gefen kuma Hausa ta fi Ingilishi shiri, domin zango da ayari da madugu da guzuri da tsaraba duk suna nan suna jira.

Na biyu rubutu. Tun kafin dokar 2007 da ta kafa hukumar kula da ziyarar Kiristocin Nijeriya, da kuma bayanta, masu jin Hausa da yawa sun taka waɗannan wurare, kamar yadda alhazai suka yi ɗaruruwan shekaru suna ratsa Sudan zuwa Bahar Maliya. Yawancin abin da suka gani ya tsaya a hirar zaure da shaidar majami'a, yana kuwa tafiya tare da masu shi. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su tura ɗalibai su ɗauko waɗannan labarai daga bakin masu su, a rubuta su yadda aka faɗe su, ba tare da an goge musu sai da muka ba. Egeriya ta rufe kashin farko na wasiƙarta da alkawarin za ta sake rubutowa in ta kai Afisa, tana roƙon 'yan'uwanta su tuna da ita ko tana raye ko ta ƙaura. Wata wasiƙar ba ta iso mana ba. Wannan ɗin ma da ta iso, albarkacin wani magatakarda ne da ya ga ta cancanci a kwafe ta bayan shekara 700.